Ku Tambayi Kawu: Tibi, talla da kuɗi, wai gaskiya fina-finan nan suke faɗa?

Assalamu alaikum jama'ar zango, na nan Kumasi da na Accra da duk inda mujallar nan take kaiwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan abu ɗaya, wato tibi da yadda kuɗi ke juya shi, shi yasa na haɗa su wuri guda. Wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Wani abokina ya kawo wani tsohon fim na turawa sunansa Network mun kalla a bes ɗinmu har gardama ta kaure. Ni nace ƙarya ce zalla, ta yaya gidan tibi zai sa a kashe ma'aikacinsa don kawai mutane sun rage kallonsa, shi kuma yace labarin gaskiya ne. Dan Allah raba mana gardama, mun saka kuɗin ataya. Daga ɗanka a Aboabo.

AMSA: Ɗana, in maganar ko ya faru ce, kai ka ci. Ƙagaggen labari ne, Paddy Chayefsky ya rubuta, Sidney Lumet ya bada umarni, ya fito a 1976, kuma tashar UBS ɗin da ke ciki babu ita a duniya. Amma kar ka yi saurin karɓar kuɗin atayan, don wanda ya rubuta ɗin tun shekarun 1950 yake rubuta wa tibi wasanni, ya san cikin gidan sarai.

Ga waɗanda basu kalla ba, labarin wani dattijo ne mai karanta labarai, Howard Beale, aka ce masa saura sati biyu a sallame shi saboda masu kallonsa sun ragu, sai ya fito kai tsaye ya gaya wa duniya cewa zai kashe kansa a gaban kamara. Maimakon a kai shi asibiti sai aka lura ashe tunda ya fara sambatu jama'a suka dawo kallo, toh shikenan wata mata a sashen shirye-shirye ta karɓe filin labaran gaba ɗaya ta mayar da shi dandali, aka kawo 'yan tafi, aka kawo har da mai duba tana faɗin abin da zai faru gobe, duk a cikin filin labarai fa. Da kasuwarsa ta sake faɗuwa kuma mai kamfanin ya hana a kore shi, sai manyan tashar suka zauna suka shirya a harbe shi ana cikin shiri. Yana kwance a ƙasa tallace-tallace na ci gaba da tafiya.

Ni wurin da ya fi tsaya min a rai shine zaman da suka yi kafin kisan. Babu mai ɗaga murya babu mai zare ido, suna ta lissafin asarar da shirin ke jawowa kamar wani mitin na yau da kullum, daga nan maganar ta gangaro kan kisa kuma babu wanda ya miƙe. Wannan kam ya yi daidai da yadda ɓarna ke shiga gidajen yaɗa labarai. Inda nake ganin fim ɗin ya ɗan yi sauƙi da yawa shine da ya ɗora kusan komai a kan mace ɗaya marar tausayi, mai kallo sai ya tashi yana cewa ai da an cire ta da an zauna lafiya, alhali ko waliyyi ka sa a kujerar nan ƙarshen wata sai an tambaye shi albashin ma'aikata da kuɗin wuta da na janareta. Fim ɗin ya ci Oska 4, Peter Finch da ya fito a Beale ya rasu a Janairun 1977 kafin a ba shi tasa. Ku raba kuɗin atayan biyu.

TAMBAYA: Salam Kawu. Wai ta yaya suke sanin mutum nawa ke kallon shiri? Ko dikoda tana ganinmu ne? Daga wata 'yarka a Asawase.

AMSA: 'Yata kwantar da hankalinki, dikodar da ke ɗakinku ba ta da ido. Ba kowa ake ƙirgawa ba, ɗiba ake yi. A Amurka kamfanin Nielsen ke wannan aikin tun 1950, suna zaɓar gidaje kimanin dubu 40 su saka musu na'ura mai rubuta tashar da aka kunna da wanda ke zaune a gabanta, daga nan a yi lissafi a ce ga abin da ƙasa gaba ɗaya ta kalla. Da wannan lambar ake yanka farashin talla, shi yasa a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka tallan daƙiƙa 30 ya kai wajen dala miliyan 7 a 2023.

Kuma tunda gidajen kaɗan ne ana iya yin coge. A Indiya hukumar BARC ke wannan ƙirgar, a 2020 tana da na'urori a gidaje wajen dubu 44, a Oktoban 2020 'yan sandan Mumbai suka ce sun gano ana biyan wasu daga cikin gidajen kuɗi su bar tibi a kunne a kan wata tasha ko da babu mai kallo, har aka dakatar da fitar da lissafin tashoshin labarai sai a Maris 2022 aka dawo da shi.

Mu nan Ghana wanda aka fi jin sunansa shine GeoPoll, su kuma ta waya suke tambaya, a turo maka saƙo me ka kalla ɗazu ka amsa. Ki riƙe wannan a ranki don zan dawo kansa a tambayar ƙarshe.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni dai abin da ke ci min rai fim ɗin Indiya da ake fassarawa da Tonanci, minti biyar ana fim minti goma ana tallan magani da bitas, sannan a zauna a situdiyo ana ta surutu a kan abin da muka riga muka gani da idonmu, kuma labarin shekara da shekaru ba ya ƙarewa. Raini ne ko me? Daga Hajiya a Tafo Zango.

AMSA: Hajiya ina gajiya, Allah ya huci zuciyarki. Ba raini bane, kasuwa ce. Ke baki biya ko pesuwa ɗaya don kallon fim ɗin ba, tashar kuwa ta biya masu shi a Indiya, ta biya masu fassara da masu ɗora murya, toh a ina zata mayar? Zamanki a gaban tibi daga bayan isha'i shi take ɗauka ta kai wa mai magani tace ga mata dubbai na tara maka, biya. Zaman situdiyon da kike ƙorafi a kai kuwa shi yafi komai riba, kujera uku ne da kamara, ba a sayo shi daga ko'ina ba, ga kwalaben mai ɗaukar nauyi a jere a kan tebur, ga masu bugo waya.

Tunda Adom TV ta sa Kumkum Bhagya da Tonanci garin nan ya rikice, har keken da muke hawa zuwa Kejetia ya samu suna daga jarumar fim ɗin, sauran tashoshi suka ga inda jama'a suka karkata kowa ya nemo nasa. A can Indiya ma a 2014 aka fara shi kuma ya wuce kashi 2000, don muddin lamba na sama ba a barin marubuci ya rufe labari, a raba miji da mata a haɗa a sake rabawa, wanda ya mutu ya dawo. Tallan bitas da kike gani ya taru da dare shima da dalili, hukumar kula da abinci da magunguna FDA ta hana tallan giya a rediyo da tibi sai daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, sai ya zama daidai lokacin da iyali ke zaune tare ne suke sauka gaba ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Abin da ke damuna shine waɗannan masu fitowa a wasu tashoshi da rawani da carbi suna kiran kansu malamai suna cewa a turo momo, wato kuɗi ta waya, za su ninka kuɗi. Sun ɓata mana suna, yanzu a kasuwa in aka ce malam sai a yi dariya. Shin yawan masu kallo ne ya sa tashoshi ke sa su, kamar yadda ake nunawa a fina-finai? Daga wani limami a Sawaba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Wannan tambayar ita ce ta fi kowacce nauyi a wurina, kuma a nan ne fina-finan turawa suke gaza bayyana halin da muke ciki. A fim kullum tsoron tasha shine kar masu kallo su gudu, don in sun gudu mai talla ya gudu. Waɗannan ƙananan tashoshin namu da suka cika dikoda da yawansu babu wani babban kamfani da ke kai musu talla tun farko, kuma basu da kuɗin shirya komai nasu, abin da suke da shi kawai awa 24 ne a rana. Toh sai su koma kamar mai gidan haya, ɗaki-ɗaki ake bayarwa, wanda ya kawo kuɗin awa ɗaya a buɗe masa, fasto ne, mai maganin basir ne, boka ne, mai gidan baya leƙawa ya ga me ake dafawa a ciki. Shi kuma mai rawanin bai damu da mutum miliyan su kalle shi ba, cikin masu kallo ɗari in biyar suka turo momo ya fitar da kuɗin filin ya samu riba. Kaga ke nan ko lambar masu kallo ta faɗi ƙasa warwas shirin ba zai tsaya ba, wanda a lissafin fim ɗin Network da tuni an cire shi. Mai dubar da suka saka a filin labarai a 1976 don a yi dariya a ce ina tibi zai kai haka, mu yau tasha guda ake buɗe mata.

Kuma abin ya wuce ɓata suna. Malam zai tuna abin da ya faru a Kasoa a Afrilun 2021, matasa biyu suka kashe wani ƙaramin yaro don tsafin kuɗi, kuma bayanin da 'yan sanda suka kai kotu ya nuna a tibi aka ga mai alkawarin kuɗin. A cikin watan ne hukumar sadarwa ta ƙasa NCA ta rufe tashoshi 49, amma a lura, laifin da aka kama su da shi rashin lasisi ne, ba abin da suke nunawa ba. Abin da ake nunawa aikin hukumar kula da kafafen yaɗa labarai NMC ne, ita kuma hannunta gajere ne, ta taɓa kawo ƙa'idar cewa sai an nemi izininta kafin a sa shiri, masu tashoshi suka kai ƙara, a 2016 Kotun Ƙoli ta soke wannan don ya ci karo da 'yancin da tsarin mulkin 1992 ya ba kafafen yaɗa labarai. Ni ban ce kotun ta yi kuskure ba, duk wanda ya san zamanin soja ba zai so gwamnati ta dawo tana tace magana ba. Sai dai damfara damfara ce ko a tibi ko a bakin tasha, kuma dokar damfara tana nan ba sai an jira sabuwa ba.

Abin da ke hannunku ku limamai shine mumbari. A faɗa ƙarara ranar Juma'a cewa wanda ke iya ninka kuɗi ba zai zauna yana roƙon sidi 50 a tibi ba, a faɗa da Hausa a faɗa da Tonanci don maƙwabta su ji daga bakinku, sannan wanda aka cuta a daina rufa masa baki da sunan kunya, a raka shi ofishin 'yan sanda da lambar da ya tura wa kuɗin.

TAMBAYA: Kawu ni ɗalibar aikin jarida ce. Wane fim zaka ce in kalla in san abin da ke jirana? Daga Nima, Accra.

AMSA: 'Yata biyu zan baki kuma ba iri ɗaya suke koyarwa ba. Na farko The Insider na 1999, shi labarin gaskiya ne. Jeffrey Wigand babban masanin kimiyya ne a kamfanin taba na Brown & Williamson, ya yarda ya fallasa abin da kamfanin ya sani game da yadda taba ke kama mutum, shirin 60 Minutes na CBS ya ɗauki hirar a 1995, sai lauyoyin tashar suka ce kar a sa don tsoron ƙara, a daidai lokacin kuma ana cinikin sayar da CBS ɗin ga Westinghouse. Ki duba, hirar nan da an sa ta da ta tara masu kallo, amma aljihun masu gida ya fi masu kallo ƙarfi. Sai da jarida ta riga su fasa ƙwan sannan aka sa cikakkiyar hirar a Fabrairun 1996. Wannan shi yafi kusa da abin da zaki tarar a nan, inda tashoshi da dama na 'yan kasuwa ne ko na masu ƙafa a siyasa, babu wanda zai rubuto miki takarda yace kar ki taɓa wane, da kanki zaki gane. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole yayi masa aski.

Na biyu na Indiya ne, Peepli Live na 2010 wanda Anusha Rizvi ta bada umarni Aamir Khan ya shirya. Manomi ne bashi ya ci gonarsa, ya ji ana biyan diyya ga iyalan manoman da suka kashe kansu, magana ta fita, motocin tibi suka cika ƙauyen kowa na jiran ya mutu a gaban kamararsa. A gefe ga wani tsoho da ke haƙar ƙasa yana sayarwa ya ci abinci, ya mutu a cikin raminsa, kusan babu wanda ya waiwaya don ba a kansa ake gasa ba. Duk ranar da aka yi gobara a kasuwa kika ga makirufo goma a bakin mace ɗaya tana kuka kuma babu mai tambayar ina famfon kashe gobara, zaki tuna da shi.

TAMBAYA: Gasar da ake cewa a tura saƙo a zaɓi gwani, ba shiri bane tun farko? Ƙanwata ta shiga wata mun kashe kuɗi sosai aka cire ta. Daga Alabar.

AMSA: Sannu ɗan uwa, Allah ya mayar da alheri. Ba zan ɗora wa kowa laifin da ba hujja ba, amma a tarihi an yi. Fim ɗin Quiz Show na Robert Redford, 1994, a kan haka yake: gasar Twenty-One ta tashar NBC, mai ɗaukar nauyinta wani maganin ƙarin jini ne Geritol, aka ga Herb Stempel ya daina jan jama'a sai aka sa shi ya faɗi da gangan a Disamban 1956 a kan tambayar da ya san amsarta, aka ɗora Charles Van Doren malamin jami'ar Columbia mai kyan gani ana ba shi amsoshi a ɓoye har ya tara dala 129,000. A 1959 ya amsa laifinsa a gaban majalisa, a 1960 aka yi dokar hana hakan. Gasar zaɓe ta waya kuwa ba ta ma buƙatar coge, kowane saƙo kuɗi ne kuma ba a hana mutum ɗaya turawa sau ɗari, don haka wanda danginsa suka fi aljihu shi ke gaba. Nan gaba ku karanta sharuɗɗan kafin ku fara tara kuɗi.

TAMBAYA: Kawu me yasa shirin Hausa yayi ƙaranci a manyan tashoshin ƙasar nan alhali ko'ina ka shiga akwai zango? Daga wani ɗan kasuwa a Adum.

AMSA: Alhaji, ga inda nace zan dawo. Masu fim suna kukan ƙirga ta yi yawa har ta lalata tibi, mu namu kukan ba a ƙirga mu sosai. Mai raba kuɗin talla yana zaune a ofis a Accra da takardar lissafi a gabansa, abin da takardar bata nuna ba a wurinsa babu shi. Ka tambayi kanka tsohuwarmu mai koko da ke kallon tibi tun la'asar, in saƙon tambaya ya shigo wayarta zata amsa? Sannan da yawanmu mun juya dish ɗinmu muna kallon Arewa24 da ta fara a 2014, matasa kuma suna YouTube suna bin Labarina, duk wannan kallon ba ya shiga lissafin wata tashar Ghana. Ga kuma ɗan zango yana jin Tonanci yana jin Turanci, mai talla sai yace ai na riga na same shi a can, me zai sa in sake biya da Hausa.

Wadda aka kafa don irin wannan ita ce GBC, gidan rediyo da tibin gwamnati, tibinta ya fara a 1965 kuma Hausa na cikin harsunan gida shida da take labarai da su, tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagbani. Ita bai kamata ta dogara da talla ba, kuɗin lasisin tibi ya kamata ya riƙe ta, sidi 36 a shekara na tibi ɗaya tun 2015, amma da aka zo tilastawa a farkon 2018 har da maganar kotuna na musamman ƙasa ta ɗauki ihu aka ja da baya, ita ma ta koma layin neman talla da sauran.

Rediyo ya nuna ana iyawa, ga Zuria FM a nan ga Marhaba FM a Accra, kuma tallan 'yan kasuwar zango na cikin abin da ke riƙe da irinsu. Tibi ya fi tsada amma hanyar ɗaya ce. Ku masu shaguna a Adum da Kejetia da masu kamfanin aikin Hajji da Umara ku haɗu mutum biyar ko shida ku sayi fili na wata uku a tashar da ake kallo, ku nemi lokaci mai kyau ba sha biyun dare ba, a rubuta yarjejeniya a takarda har da minti nawa na talla ne minti nawa na shiri, ku ba matasan da suka iya kamara su shirya, kuma ku sa shi a Facebook da YouTube a lokaci guda don lambar masu kallon nan ita zaku ɗauka ku kai wa kamfanonin waya da bankuna in wata ukun sun cika. Sharaɗi ɗaya zan roƙa, kar wanda yafi zuba kuɗi a cikinku yace dole a riƙa gaishe shi da iyalansa kowane minti biyar.